Babi na Biyar: Mutum Huɗu a Bayan Gilashi

A ranar 21 ga Janairun 1942, Edward Hopper ya gama wani zane da ya kwashe wajen wata ɗaya da rabi yana fama da shi a ɗakinsa na saman bene da ke dandalin Washington Square a birnin Niyok. Yana da shekara 59 a lokacin. Zanen na fentin mai ne, faɗinsa santimita 152, tsayinsa 84, kuma abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba: wani ƙaramin gidan abinci a kusurwar da tituna biyu suka haɗu, dare ya raba, ƙafa ta ɗauke. Bangon gidan abincin kusan duk gilashi ne, ya lanƙwasa a kusurwa, ta yadda mai kallo yana ganin ciki, kuma yana ganin titin da ke ɗaya ɓangaren ta cikin gilashin. A ciki akwai doguwar kanta ta jan katako, da kujeru masu zagaye marasa majingini, yawancinsu babu kowa a kai. Wani mutum da kwat da malafa ya ba mu baya, yana zaune shi kaɗai. Can gaba ga wani namiji da sigari tsakanin yatsunsa, kusa da shi mace mai jan gashi da jar riga tana duban wani ɗan abu da ta ɗaga a hannu. A bayan kanta ma'aikacin wurin, cikin fararen kaya da farar hula, ya sunkuya yana wani aiki, ya ɗago kai. Bayansa tulunan ƙarfe biyu na gahawa. A saman rufin akwai tallar sigarin Phillies, kwabo biyar na kuɗin Amurka. Sunan zanen Nighthawks, sunan wani tsuntsu ne mai yawon dare, kuma bayanan da matar Hopper ta rubuta sun nuna dogon hancin mai sigarin nan, mai kama da bakin tsuntsu, yana da hannu a sunan. Cikin watanni kaɗan gidan adana kayan fasaha na Shikago ya saye shi a kan dala 3,000, kuma yana can har yau.

Tun daga lokacin hukunci ɗaya ya bi zanen duk inda ya je: wai hoton kaɗaicin birni ne, mutane huɗu da babban gari ya haɗiye, kowa ya rasa mai ce masa sannu. Da annobar korona ta kulle mutane a gidajensu a 2020, zanukan Hopper aka yi ta yaɗawa a intanet don a nuna halin da ake ciki. Mai karatu Bahaushe ma zai fi kowa saurin yarda da wannan hukunci, domin a wajenmu mutum huɗu ba sa zama a rumfa ɗaya bakinsu a rufe sai in akwai gaba ko makoki. Teburin mai shayi ƙarfe ɗayan dare ya fi majalisar rana surutu, kuma wanda ya zauna ya yi zugum sai an tambaye shi ko lafiya. Ni ina ganin wannan hukunci ya ɗauki rabin gaskiya ya bar rabi, kuma rabin da ya bari shi ne ya fi nauyi. Akwai kaɗaici a zanen, ba shakka, sai dai ba a cikin gidan abincin yake ba. Hopper ya ajiye shi a bakin titi, a daidai inda ya tsayar da mai kallo. Waɗanda ke ciki sun samu wani abu da ba kowane wuri ake samunsa ba, wato zama kusa da mutane, cikin haske da ɗumi, ba tare da an nemi mutum ya yi bayanin kansa ba. A irin wannan zama ne mutum ke iya shiga cikin zuciyarsa ya duba abin da ke ciki.

Hujja ta farko tana cikin ginin zanen kansa. Wanda ya tsaya gabansa zai ga an ajiye shi a waje, a tsallaken dakalin titi, cikin duhu mai launin kore da shuɗi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zanen titi ne fayau, ba mota, ba kare, ba ko takarda a ƙasa. A tsallake akwai benen jan bulo, tagoginsa na sama baƙi ƙirin, shagon ƙasa babu kaya a cikinsa sai injin ajiyar kuɗi da ake hangowa. Duk hasken da ke zanen daga gidan abincin yake fitowa, ya zubo a dakali, ya haura jikin benen. Ido ba ya iya zama a wannan titi, dole ya gudu zuwa ga hasken, kuma da ya isa sai gilashi ya tare shi. Gilashin Hopper ba ya nuna inuwar komai, ba yatsa a jikinsa, ba ƙura, kamar babu shi, amma yana nan. Ana ganin barkono da gishiri a kan kanta, ana ganin fararen kofuna, har da wani kofin gilashi da aka bari a gaban kujerar da babu kowa, alamar wani ya sha ya tafi. Ana ganin komai, ba a jin komai. Ma'aikacin nan kamar bakinsa a ɗan buɗe yake, kamar mai sigarin yake duba, ƙila ma magana suke yi, amma mu da ke waje ba za mu taɓa sani ba. Shirun da ake cewa ya cika zanen namu ne, shirun wanda aka rufe a waje. Mutum yakan ji tsikar jikinsa ta tashi, sai ya ɗauki wannan ji ya jingina wa mutanen da yake kallo, alhali shi ne ke tsaye cikin sanyi ba kujera.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to amma fuskokin nan huɗu ba su amsa tambaya. Ɗaya ba ma a ganinta. Sauran ukun babu hawaye, babu murmushi, babu tagumi, babu wanda ya kifa kai a kan kanta. Za a fi gane muhimmancin wannan in aka ajiye zanen kusa da wanda Vincent van Gogh ya yi a garin Arles na kudancin Faransa a watan Satumban 1888, na wata mashaya da ke kwana a buɗe. Shi van Gogh ya shigar da mai kallo tsakiyar ɗakin. Bango ja wur, rufi kore, fitilu na zubar da haske kamar zazzaɓi, teburin wasan sanda a tsakiya ya karkato kamar zai zame, mashaya sun zube a kan tebura. A wasiƙarsa ga ƙanensa Theo ya faɗa ƙarara cewa so yake ya nuna wurin da mutum zai iya lalacewa, ya haukace, ko ya aikata laifi. Wannan shi ne zanen mutanen da dare ya cinye. Masana tarihin zane, musamman Gail Levin wadda ta rubuta tarihin rayuwar Hopper a 1995, suna ganin da wuya a ce bai san wannan zane ba. In kuwa ya san shi, to duk abin da van Gogh ya yi, Hopper ya yi kishiyarsa. Mutanensa a miƙe suke zaune, kayansu tsaf, abin shansu gahawa, wadda ake sha don ido ya buɗe. Ba barci suke nema ba, ba mantuwa suke nema ba. Sun zaɓi su zauna a farke.

Hannuwan namijin da macen nan sun cancanci a daɗe ana dubansu. Hannunsa na dama, mai riƙe da sigari, yana kan kanta, nata na hagu yana dab da shi, har daga nesa sai a ɗauka sun taɓa juna. Da an matso sai a ga akwai 'yar tazara, nata yana ɗan bayan nasa. Masu cewa zanen na kaɗaici ne suna kafa hujja da wannan tazara: ga su kafaɗa da kafaɗa amma kowa da duniyarsa. Sai dai duk wanda ya san zaman aure, ko doguwar abota, ya san cewa baƙi ne ke cika wuri da hira don kunya, waɗanda suka saba kuwa suna iya yin awa guda ba wanda ya ce uffan, kuma ba wanda ya tsargu. Akwai kujeru birjik a wurin, amma waɗannan biyun sun matsu a gefe ɗaya. Zanen bai ce suna son juna ba, bai kuma ce sun ɓata ba. Abin da ya nuna kawai shi ne mace tana duban abin da ke hannunta, hankalinta ya tafi wani wuri, namiji yana duban gabansa, nasa hankalin ma ya tafi, kuma babu wanda ya janyo ɗan'uwansa ya dawo. Wannan barin da suka yi wa juna yana iya zama sanyin zuciya, yana kuma iya zama mutunci. Hopper ya ƙi raba gardamar, kuma wanda ya raba ta da gaggawa labarin kansa yake bayarwa.

A 1958 wani likitan yara kuma masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, Donald Winnicott, ya wallafa wata gajeriyar maƙala a kan yadda mutum ke koyon zama shi kaɗai. Abin da ya lura da shi kowace uwa ta san shi. Yaro ƙarami yakan zauna a ƙasa yana wasa da murfin kwano, ya nutsa ƙwarai, ba ya ko duban uwarsa da ke gefe tana aikinta. Da ta tashi ta fita sai wasan ya watse, kuka ya fara. Ashe nutsuwar tasa a kan zamanta ta dogara, ko da yake ba magana suke yi ba. Winnicott ya ce daga nan ake samo ikon kaɗaita ba tare da firgita ba: mutum yana fara koyon zama shi kaɗai ne a gaban wani. Wanda bai samu wannan ba yakan girma yana tsoron shiru, kullum sai ya nemi hayaniya. Ina ganin babu bayanin da ya fi wannan dacewa da mutumin da ya ba mu baya. Tabbas yana da ɗaki a wani bene, yana da gado, yana da ƙofar da zai kulle. Da kaɗaici tsantsa yake so, can zai zauna. Ya sa kwat, ya ɗora malafa, ya sauko titi cikin dare, ya biya kuɗin gahawa don ya zauna inda zai ji ƙarar cokali da motsin wani ɗan Adam, sa'an nan ya shiga tunaninsa. Ma'aikacin da ke bayan kanta, ba tare da ya sani ba, shi ke riƙe masa ɗakin.

Wannan irin zama birni ne ya haife shi, kuma masana sun daɗe da lura da haka. Georg Simmel, masanin zamantakewa ɗan Jamus wanda ya tashi a Balin, ya rubuta a 1903 cewa mutumin babban gari yana haɗuwa da fuskoki masu yawan da in ya ce zai amsa wa kowace da zuciyarsa, kamar yadda ake yi a ƙauye, to zai tarwatse. Don haka sai ya koyi kamewa. Simmel bai ɓoye cewa kamewar tana da ɗaci ba, har ya ce babu inda mutum ke jin an yashe shi kamar tsakiyar taro. Amma ya ƙara da cewa ita ce kuma ke ba ɗan birni wani 'yanci da ɗan ƙaramin gari bai sani ba, 'yanci daga sa-ido da bin diddigi. Shekara sittin bayan haka, a 1963, Erving Goffman ya bayyana ɗabi'ar da baƙi ke yi wa juna a jirgin ƙasa ko a layi: ka dubi mutum sau ɗaya don ya san ka gan shi, sa'an nan ka kau da kai don ya san ba ka da wata manufa a kansa. Goffman ya ɗauki wannan a matsayin ladabi, kuma ladabi ne. Niyok ta 1940 tana da mutum sama da miliyan 7, da yawansu 'yan ci-rani daga Italiya da Ayalan da gabashin Turai da kudancin Amurka ɗin kanta, wasu suna kwana a ɗakunan haya da bango bai hana jin tarin maƙwabci ba. Ga mai irin wannan rayuwa, wurin da ba a san sunan ubansa ba, ba a tambayarsa me ya hana shi barci, hutu ne na gaske.

Mai ja da wannan magana yana da makami mai kaifi, domin Hopper da bakinsa ya ambaci kaɗaici. A hirar da ya yi da Katharine Kuh, wadda ta fito a littafinta na 1962, ya ce wani gidan abinci a titin Greenwich Avenue ne ya ba shi tunanin zanen, ya rage tarkacen wurin ya kuma ƙara wa gidan abincin girma, sa'an nan ya ce mai yiwuwa, ba tare da ya sani ba, kaɗaicin babban birni yake zanawa. Ana yawan kawo wannan jimla ita kaɗai. Abin da ake tsallakewa shi ne cewa a amsar guda ya fara da cewa shi bai ga wurin a matsayin mai kaɗaici na musamman ba, kuma a wani lokaci ya gaya wa marubuci Brian O'Doherty cewa an cika zuzuta batun kaɗaici a aikinsa. Mutum ne dogo, miskili, wanda magana ke yi wa wuya, kuma irin amsar da ya ba Kuh ta yi kama da ta wanda aka matsa wa da tambaya ɗaya shekara ashirin har ya sallama rabi. Ko da ma an ɗauki maganar yadda take, kaɗaicin birni ya ce, bai ce na mutanen huɗu ba. Birnin kuwa ga shi nan a zanen, titi wayam da tagogi a rufe. Kuma Hopper ya san yadda ake zana mutumin da aka yashe in ya ga dama. A 1927 ya zana wata mace ita kaɗai a teburin wani gidan abinci, safar hannu ɗaya a hannunta ɗayar a cire, kujerar da ke gabanta babu kowa, bayanta wata ƙatuwar taga baƙa wadda ba ta nuna komai sai jerin fitilun ɗakin suna nutsewa cikin duhu. A can babu ma'aikaci, babu maƙwabci, kuma mai kallo yana cikin ɗakin tare da ita, yana jin abin da take ji. Bambancin zanukan biyu shi ne bambancin wanda ba shi da kowa da wanda ke da mutane a gefe amma aka ƙyale shi.

Sai batun ƙofa. Kowa ya lura cewa ba a ganin hanyar shiga gidan abincin daga titi. Ƙofa ɗaya ce ake gani a gidan abincin, ƙarama mai launin rawaya a bayan kanta, wadda ga alama kicin take kaiwa. Daga nan ake cewa mutanen a kurkuku suke, ko a cikin kwalba. Amma gidan abincin ya zarce gefen dama na zanen, an yanke shi, kuma babu abin da ya hana ƙofar ta kasance a can. Kofin gilashin da aka bari a kan kanta shaida ne cewa ana shiga ana fita. Wanda rashin ƙofar ya dama shi ne wanda ke waje yana neman ta. Hasken wurin ma ana cewa mai tsanani ne, irin na asibiti, kuma gaskiya ne fitilar dogon ƙwai sabuwa ce a lokacin, domin a 1938 aka fara sayar da ita, aka kuma baje ta a bikin baje-kolin duniya na Niyok a 1939. Haskenta ba ya rufa wa fuska asiri. To amma a duba lokacin da aka yi zanen. Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamban 1941, Amurka ta faɗa yaƙi, a Niyok ana atisayen kashe fitilu don tsoron jiragen sama. Matar Hopper ta rubuta wa 'yar'uwarsa Marion cewa shi ko a jikinsa, ya ƙi kula batun bama-bamai duk da rufin ɗakinsu na gilashi ne, aikinsa kawai ya sa a gaba. A makonnin da gari ke koyon rufe tagogi da baƙin ƙyalle, shi ya zauna ya zana ƙatuwar taga, a buɗe, tana kwarara haske a titi. Da wuya a ce mutumin da ya yi haka yana kallon wannan haske a matsayin azaba.

Akwai wata suka da ta fi waɗannan nauyi, ita kuwa ba a iya kawar da ita gaba ɗaya. Macen da ke zanen Josephine Nivison ce, matar Hopper, wadda ake kira Jo. Ita ma mai zane ce, sun yi aure a 1924, kuma ita ce ta taimaka aka fara kula aikinsa a wani baje-koli na gidan adana kayan tarihi na Brooklyn a 1923. Bayan auren tauraronsa ya hau, nata ya dushe. Ita ke tsaya masa a duk zanen da ke da mace, ita ke rubuta bayanin kowane zane a littafin ajiya. Biyu daga cikin mazan Nighthawks kuwa shi ne da kansa, ya dubi madubi ya zana. Littattafan sirrinta, waɗanda Levin ta yi amfani da su, sun nuna zaman doya da manja na shekara arba'in da uku: ita mai yawan magana, shi mai shiru kamar dutse, faɗa har da duka da yaƙushi. Wanda ya san wannan yana da damar ya ce shirun da nake yabo a nan shi ne makamin da Hopper ya yi ta gasa wa matarsa aya a hannu da shi, kuma tazarar da ke tsakanin hannuwan nan biyu ita ce tazarar aurensu. Ban musa ba. Shiru tsakanin mutane yana iya zama kyauta, yana iya zama horo, kuma daga waje kamanninsu ɗaya. Abin da zan ce kawai shi ne wannan bai mayar da zanen hoton mutanen da birni ya watsar ba. Ya mayar da shi hoton mutane biyu da suka san juna fiye da kima, wanda wani ciwo ne daban. Kuma ko a haka, abin da Hopper ya zaɓa ya zana ba faɗan ba ne. Ya zana sa'ar da aka ajiye makamai, kowa ya koma cikin kansa, kafaɗa na kusa da kafaɗa. Ya rasu a wannan ɗaki na Washington Square a watan Mayun 1967, ita ta bi shi kafin shekara ta zagayo, ta bar wa gidan adana kayan fasaha na Whitney aikinsa da nata.

Mutane da yawa sun taka titunan unguwar Greenwich Village ta Niyok suna neman ainihin gidan abincin. Marubuci Jeremiah Moss ya bi tsofaffin taswirori da hotunan gari a 2010, ya ƙare da cewa babu wani wuri guda da ya yi daidai da zanen. Hopper ya tsinto kusurwa daga nan, taga daga can, benen jan bulo daga wani zanensa na 1930 na jerin shaguna da sanyin safiyar Lahadi, ya haɗa wurin da zuciyarsa ke so. A wata sanarwa da ya rubuta a 1953 ya ce babban zane bayyanar rayuwar cikin mai zanen ce. In haka ne, to wurin da wannan miskilin mutum ya gina wa kansa ba kogo ba ne a daji, ba kuma ɗaki ne a kulle ba. Kanta ce da kujeru da wasu mutane. Masu kwaikwayon zanen sukan rasa wannan. Gottfried Helnwein ya sake shi a 1984, ya cika kujerun da taurarin Amurka da suka mutu, Humphrey Bogart da Marilyn Monroe da James Dean, Elvis Presley kuma a bayan kanta. Hoton ya sayu ƙwarai, amma da aka san sunan kowa da labarin mutuwarsa, abin da ke riƙe da zanen ya tafi, domin mutanen Hopper sun samu sukuni ne saboda ba wanda ya san su.

Saura tambaya ɗaya wadda masu sharhi a Amurka ba su cika yi ba, mai karatu a Afirka kuwa zai yi ta tun kallon farko: wa aka yarda ya zauna a wannan kanta? Duka huɗun fararen fata ne. A 1942, a jihohin kudancin Amurka doka ce ta hana baƙar fata zama a kan irin waɗannan kujeru, a arewa kuma, har da Niyok, inda doka ba ta hana ba, sau da yawa hali yakan hana. Baƙin mutum da ya shigo irin wannan wuri cikin dare ba zai samu kau da kan da Goffman ya kira ladabi ba. Duk ido zai dawo kansa, kuma wanda ake kallo ba ya iya nutsewa cikin tunani. Wannan ya rage wa zanen faɗi, domin birnin da ya nuna ba na kowa ba ne. Amma kuma ya nuna darajar abin da ke cikinsa fiye da duk wani sharhi. Ranar 1 ga Fabrairun 1960, ɗalibai huɗu baƙar fata, Ezell Blair da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond, suka shiga kantin Woolworth a garin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, suka zauna a kan kujerun kanta, suka nemi gahawa. Aka ƙi ba su, su kuma suka ƙi tashi har aka rufe kanti. Washegari suka dawo da ƙarin mutane, cikin makonni abin ya bazu zuwa garuruwa da dama na kudu, ana zagin masu zaman, wasu wuraren ana zuba musu abinci a ka, ana kama su. Abin da suke nema a zahiri shi ne abin da mutumin da ya ba mu baya ya samu a kan kuɗi kaɗan: kujera, kofi, da a ƙyale shi. Sai da aka kwashe kusan wata shida, kantin ya yi asarar ciniki mai yawa, kafin ranar 25 ga Yulin 1960 aka buɗe kantar ga kowa, kuma waɗanda aka fara zuba wa abinci a kanta ranar ma'aikatan kantin ne baƙar fata, waɗanda suka daɗe suna aiki a wurin ba su taɓa zama a kujerun ba.